Kalmar "Have" Da Bashin Da Ta Jawo Mini A Kasuwar Libya

Akwai wani saƙo da har yau ban goge shi daga wayata ba. Na canza waya sau biyu, na baro gida da shago a Sudan, amma duk wayar da na riƙe sai na sa yara sun kwafo mini shi. Layi ɗaya ne na Turanci, daga wani kamfani na ƙasar waje da nake tura wa zoɓo:

"We will transfer the balance as soon as we have received the inspection certificate."

Ranar da ya shigo ina zaune a shagona na Kasuwar Libya, can yammacin Umdurman, da ɗan kofin jabana a hannu. Na karanta shi sau biyu da irin Turancin da na tsinta a kasuwa. Na gane "transfer". Na gane "balance", wato cikon kuɗina. Sai idona ya sauka a kan "we have received", wannan kuwa na san shi sarai, domin duk wanda ya taɓa tura kaya ya san daɗin ganin kalmomin nan: mun karɓa. Na ce alhamdu lillahi, takardar binciken kaya ta isa hannunsu, kuɗi na kan hanya.

Jabanar ba ta huce ba na kira mutumina na Al'ubayyid, dattijon da muka fi shekara goma muna hulɗa ba a taɓa jin kanmu ba. Na ce ya ɗora mini wani zoɓon a mota, zan biya shi cikin mako guda. Bai tambaye ni komai ba, ya ce, "Tamam, Alhaji."

Mako ya wuce, shiru. Na biyu ya wuce, shiru. Wanda ya zauna a Sudan a 2021 ya san abin da mako biyu ke nufi a lokacin. A watan Fabrairun shekarar ne Babban Bankin ƙasar ya karya darajar fam, daga 55 zuwa kimanin 375 a kan dala ɗaya, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 300 cikin ɗari. Farashin ƙintarin zoɓo, wanda ya kai kusan kilo 45, na safe daban ne da na yamma. Duk ranar da na ƙara ban biya ba, dattijon nan ne ke asara saboda ya yarda da ni. Ƙarshe sai da na karyar da kayan shago, uwargida ta cire awarwaronta na zinare ta miƙo mini ba tare da na roƙa ba. Na biya, amma muryar da ya amsa mini waya da ita bayan nan ba irin ta da ba ce.

Hausa a gida, Larabci a kasuwa

Kafin in ci gaba, bari in faɗi yadda aka yi ɗan kasuwa mai furfura kamata ya kasa karanta layi ɗaya, don na san ba ni kaɗai ba ne.

Ni almajiri ne. Allo na yi a ƙasar Kano, boko kuwa ajin yaƙi da jahilci kawai na leƙa. Ina saurayi na bi kawuna zuwa Hartum, na yi masa yaron shago har ya sallame ni. Uwargidana kuwa haihuwar can ce. Kakanninta suna cikin jama'ar da suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar mutane har bakin Shuɗin Nilu, aka kafa garin da ake kira Mai Wurno har gobe. Wasu kuma hanyar Makka ce ta ajiye su, suka tsaya noman auduga a Jazira don neman guzuri, guzurin ya zama zama.

Mu Hausawan Sudan harshe biyu muka riƙe: Hausa a gida, Larabci a kasuwa da makaranta. Ingila ta mulki ƙasar har zuwa ranar 1 ga Janairu 1956, kuma a da da Turanci ake koyarwa a sakandare. Daga 1965 aka fara mayar da karatun sakandare zuwa Larabci, a 1990 aka bi da jami'o'i. Turanci ya koma darasi ɗaya cikin darussa. Muddin cinikinka bai wuce Umdurman da Madani da Gadarif ba, ba ruwanka da shi. Amma da zarar ka fara tura zoɓo ko riɗi ko ƙaro ta Port Sudan, ko ka fara sayen kaya daga Dubai da Guangzhou, sai ka tarar da shi ya tsaya maka a ƙofa. Ɗan Indiya da ɗan China da ɗan Turkiyya, duk da shi suke rubuto maka a WhatsApp.

Abin da na sani game da "have" a lokacin bai wuce ɗaya ba: "ina da". "I have money", ina da kuɗi, ko "indi gurush" in ji mutanen Hartum. Sai kuma ɗan ƙari, cewa in an ce "I have sent" ana nufin an tura. Da wannan jarin na shiga cinikin dala.

"Baba, ba su ce sun karɓa ba"

Gidanmu yana Aljirif ta Yamma, tsakanin Titin Sittin da bakin kogi, inda hayaƙin masu gasa jan bulo ke tasowa da yamma. Daga can zuwa Kasuwar Libya tafiya ce ta ratsa gari gaba ɗaya, a haye Farin Nilu, a bi cunkoson Umdurman. A daren da na biya bashin na iso gida raina a ɓace, ga ba wuta. Na kira babbar 'yata, wadda ke sakandare a lokacin. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka Uwata nake ce mata.

Na ce, "Uwata, ɗauko wayar nan ki rubuta musu. Ki ce su ji tsoron Allah. Sun ce sun karɓi takarda, yau mako uku, ina kuɗina?"

Ta zauna a bakin angareb ta haska wayar, ta karanta saƙon nasu a hankali. Ta sake karantawa. Sai ta yi shiru, irin shirun yaron da ya ga babba ya yi kuskure yana neman ta inda zai faɗa.

"Baba, ka yi haƙuri. Ba su ce sun karɓa ba."

Na ce, "Kamar yaya? Ga shi nan ƙuru-ƙuru, we have received!"

Ta ce, "Ka duba abin da ke gabansa. As soon as. Cewa suka yi da zarar sun karɓa za su turo. Kai ma haka kake faɗa wa yaran shago: in kun sayar ku kira ni. Ai ba ka ce sun sayar ba."

Wallahi sai na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Washegari na bincika, ashe takardar ba ta ma fito daga ofishin da ke bayar da ita ba, dillalin da na wakilta bai bi sawunta ba, ni kuma ban matsa ba tunda a ganina an wuce wurin. Mutanen nan ba su cuce ni ba. Kwana huɗu da isar takardar kuɗina ya shigo.

Tun daga daren na zama ɗalibin 'yata. Bayan sallar isha'i ta kan ɗauko littafinta na SPINE, wanda da shi aka koyar da Turanci a makarantun Sudan shekaru da dama, ni kuma in ɗauko tsofaffin saƙonnin 'yan kasuwa, mu riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya. Abin da zan kawo a ƙasa shi ne abin da na kwasa a tsakar gidan nan, da bakin ɗan kasuwa, ba da bakin malamin nahawu ba.

Duba kalmar da ta buɗe ƙofa

Darasin farko shi ne doguwar jimlar Turanci kamar gida ce mai zaure da ɗaki. Akwai babbar magana, akwai ƙaramar da ke rataye a jikinta. Ita ƙaramar ba ta tsayawa da ƙafarta, kuma akwai kalmar da ke buɗe ta. Wannan kalmar ita ce ke gaya maka ko "have" ɗin da ke ciki labari ne na abin da ya faru, ko sharaɗi ne na abin da ake jira.

Idan ka ga "when", ko "once", ko "after", ko "as soon as", ko "until", ko "if", ko "unless", kuma ɗaya ɓangaren jimlar yana da "will" ko umarni ne, to abin bai faru ba tukuna:

"We will load the truck when you have paid." In ka biya za mu yi lodi.

"Once the bank has confirmed, we will release the goods." Da zarar banki ya tabbatar za mu saki kaya.

"Do not ship until you have seen the money." Kada ka tura sai ka ga kuɗi.

Idan kuwa ka ga "now that", ko "because", ko "since" da ke nufin tunda, to magana ta tabbata:

"Now that we have received the certificate, we will transfer the balance." Tunda mun karɓi takarda, za mu turo cikon.

Ka ga wannan jimlar da wadda ta jefa ni bashi kusan kalmominsu ɗaya ne. Bambancin kawai "now that" da "as soon as". Ɗaya ta ce je ka ɗauko kaya, ɗaya ta ce zauna tukuna.

Abin da ya fi ba ni mamaki, da Uwata ta nuna mini, shi ne Hausa ma haka take yi. Muna cewa "in ka zo gobe", "idan sun biya jibi". Ka zo da sun biya siffar abin da ya wuce ce, amma gobe da jibi muke nufi, kuma ba Bahaushen da zai rikice. Ashe kunnena ya san dokar tun ina goye, idona ne bai gane ta cikin baƙin tufafi ba.

Akwai kuma "that" bayan faɗa ko zato. "The agent says that he has paid." Dillali ya ce ya biya. Wanda ya rubuto bai ce an biya ba, ya ce an ce. Ɗan kasuwa ya san nisan da ke tsakanin "an ce" da rasit.

Da na sani ƙeya ce

Darasi na biyu ya zo ne ta wani saƙon da na taɓa yin murna da shi a banza:

"If you had sent the photos on Monday, we would have taken all of it."

Ni da na ga "taken all" sai na ɗauka sun ce za su kwashe duka. Har na fara lissafin riba. Uwata ta ce, "Baba, wannan gaisuwar ta'aziyya ce. Cewa suka yi da ka turo hotuna ran Litinin, da sun kwashe duka. Ba ka turo ba, ba su ɗauka ba."

Duk inda ka ga "if" da "had" a gefe guda, "would have" a ɗaya gefen, to "da… da…" ɗinmu ce ta Hausa. Da na sani, da ban yi ba. Kasuwa ta riga ta watse. Wani lokaci ma sukan jefar da "if" ɗin, su fara da "had" kamar masu tambaya: "Had we known the price, we would have waited." Ba tambaya ba ce. Da mun san farashin, da mun jira.

Har "had" biyu a jere za ka gani, ka ɗauka kuskuren bugu ne: "If we had had the cash, we would have bought it." Ta farko ita ce "da", ta biyu ita ce "muna da". Da muna da kuɗi a hannu, da mun saya.

'Yan'uwan "would have" su uku ne, kuma kowanne da fuskarsa. "You should have called" tuhuma ce, ya kamata a ce ka kira, ba ka kira ba. "We could have helped" na nufin da za mu iya taimakawa, amma lokaci ya wuce. "It must have arrived" kuwa zato ne mai ƙarfi, lallai dai ya isa, amma mai maganar bai gani da idonsa ba. Kada ka sallami direba a kan "must have".

Wani tarkon shi ne gajartawa. Sukan rubuta "we've" maimakon "we have", "he's" maimakon "he has", "we'd" maimakon "we had" ko "we would". To duba nan: "we'd sent" na nufin mun riga mun tura. "We'd send" na nufin da za mu tura, in an cika wani sharaɗi. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, t da d. A saƙon murya kuwa ba ka ma jin sa. In magana ta kuɗi ce, ka ce a rubuto maka.

Ya fi ni, bai kai ni ba

Darasi na uku shi ne wanda ya fi wahalar da ni, kuma shi ya fi yi mini amfani. Wani mai saye ya taɓa rubuto mini:

"Another supplier has shipped more than you have, but nobody has kept to time as well as you have."

Na karanta rabin farko na ji zafi. A fahimtata cewa ya yi wani ya tura musu fiye da abin da na mallaka gaba ɗaya, wato ni ƙaramin alhaki ne. Rabin na biyu ban ma tsaya a kansa ba.

Uwata ta yi dariya har ƙannenta suka leƙo. Ta ce, "Baba, ka tuna layin gas?" Na ce na tuna mana. A shekarun nan na ƙarancin gas da burodi a Hartum, mutum kan ajiye tukunyar gas ɗinsa a layi ya tafi harkarsa, tukunyar ta riƙe masa wuri. Ta ce to haka "have" take yi a ƙarshen irin wannan jimlar. Turanci ba ya son maimaita aiki sau biyu, sai ya ɗauke aikin ya bar "have" ta riƙe masa wuri. "More than you have" a nan cikonta "more than you have shipped". Wani ya fi ka turawa, shi ke nan. Ba ruwansa da abin da ka mallaka. Rabin na biyu kuma, "as well as you have", cikonta "as well as you have kept to time". Ba wanda ya kai ka cika alkawari a kan lokaci.

Ashe yabo ne mutumin ya yi mini, ni kuma na kwana ina fushi. Da wannan yabon na koma na nemi ƙarin farashi a lodi na gaba, aka kuma ba ni.

Dabarar ita ce: in ka ga "have" ko "has" ko "had" ta tsaya ita kaɗai bayan "than" ko "as", koma baya ka nemo aikin da ke rabin farko, ka ɗora mata shi. In babu wani aiki a can sai ita "have" ɗin da sunan kaya, to mallaka ake nufi:

"He has more sacks than I have." Ya fi ni buhuna. Amurkawa sun fi cewa "than I do", ma'ana ɗaya ce.

"He has sold more sacks than I have." Ya fi ni sayar da buhuna. Mai yiwuwa ma na fi shi kaya a sito.

"I have not sold as many as he has." Ban kai shi sayarwa ba.

"The transport cost more than it should have." Kuɗin mota ya wuce yadda ya kamata.

Mu da Hausa kalma biyu suka ɗauke mana wannan nauyin duka, "fi" da "kai". Ya fi ni, bai kai ni ba. Duk inda ka ga "more… than" ka sa "fi", duk inda ka ga "as… as" ka sa "kai", sauran sai ka tambayi kanka: a wane abu ya fi ni?

Ga wani wurin da ƙaramar kalmar nan ke raba gardama. "They have trusted you more than me" an fi fahimtar ta da cewa sun fi yarda da kai a kaina. "They have trusted you more than I have" kuwa na nufin sun fi ni yarda da kai, wato ni mai maganar ina da shakka a kanka. In abokin cinikinka ya rubuto maka ta biyun, ka san akwai gyara a tsakaninku.

Wa ya auna buhunan?

Saura biyu gajeru, amma sukan shiga rigimar awo da ta biya.

"I had weighed the sacks" na nufin na riga na auna buhunan, ni da kaina. "I had the sacks weighed" na nufin na sa an auna su. Kalmomin ɗaya ne, wurin zaman buhunan ne ya canza. Ranar da awo ya yi gardama a Port Sudan, wannan bambancin shi ke nuna wanda za a tambaya.

Sai "have to", wadda ke nufin dole. "You have to pay before Thursday." Dole ka biya kafin Alhamis. Amma "you don't have to pay now" ba hani ba ne, sauƙi ne aka yi maka: ba dole ba ne ka biya yanzu. Na san wanda ya ɗauke ta da ma'anar kada ka biya, ya yi zamansa har aka sayar wa wani da kayan.

Bayan mun bar Aljirif

Ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023, cikin goman ƙarshe na azumi, muka tashi da ƙarar bindigogi. Filin jirgin sama ba shi da nisa da unguwarmu, muna ganin hayaƙi daga soron gida. Ban sake taka Kasuwar Libya ba. Abin da ya samu kasuwar da shagunan mutane kowa ya ji, ba sai na tayar wa 'yan'uwa da miki ba. Muka fito da abin da hannu zai iya ɗauka, muka bi ayarin da ya yi arewa zuwa iyakar Masar, daga baya Allah ya kawo mu Kano.

A hanyar nan na ga amfanin karatun tsakar gida ta inda ban zata ba. Takardun da ake cikewa a iyaka da wuraren agaji da yawansu da Turanci suke, kuma cike suke da kalmar nan. "How long have you lived in Sudan?" Shekara nawa ka yi a Sudan? "List any children who have not been vaccinated." Rubuta yaran da ba a yi wa rigakafi ba. Uwata ta zauna a ƙasa da biro, mata sun kewaye ta, tana karanta musu tana fassarawa da Hausa da Larabci. Ni ma, da ɗan abin da na koya, na cike wa dattawa uku nasu.

Yanzu a Kano yaranmu da suka taso da Larabci suna fuskantar wani dutsen. Ba a shiga jami'a a Nijeriya sai da kiredit a Turanci a WAEC ko NECO, a jarrabawar JAMB kuma Turanci dole ne ga kowa, ko me za ka karanta. Yaron da ya yi zarra a lissafi da kimiyya a Hartum sai ka ga Turanci ya riƙe masa ƙafa. Da na leƙa tsofaffin takardun tambayoyin da Uwata ke bita, sai ga abokan namu: a cike gurbi bayan "as soon as", a zaɓi tsakanin "would have" da "will have", a ƙarasa jimla bayan "than". Ta ce mini dokar da malaminsu ya fi nanatawa ita ce ba a sa "will" bayan "when" ko "until" a irin waɗannan jimlolin. Ba a cewa "when you will have paid", sai dai "when you have paid". Na ce ki gaya masa babanki ya sayi wannan dokar da awarwaron zinare.

Ni kuwa na koma zoɓo, yanzu a Kasuwar Dawanau, da ɗan jarin da 'yan'uwa suka haɗa mini. Zoɓon Jigawa ne maimakon na Kurdufan, amma saƙonnin masu saye ba su canza ba.

Abin da nake gaya wa yaran shago

Duk saƙon Turancin da ya shafi kuɗi ko lodi, na hana a amsa shi a tsaye. A zauna, a nemo "have" ko "has" ko "had", a yi mata tambaya uku.

Ta farko, me ke gabanta? In "when", "once", "until", "as soon as" ko "if" ne, ana jira ne, kada a taɓa kaya. In "than" ko "as" ne, kwatanci ake yi. In "would", "should" ko "could" ne, an riga an yi asara, sai a nemi na gaba.

Ta biyu, me ke bayanta? In sunan kaya ne, mallaka ce. In aiki ne irin "paid", "sent", "received", to maganar kammala aiki ce. In "to" ce, yawanci dole ake nufi. In ba komai, tukunyar gas ce, a koma baya a nemo mai ita.

Ta uku, in an juya jimlar zuwa Hausa, da me za ta fara: da "tunda", da "in", ko da "da"? Tunda sun biya, a yi lodi. In sun biya, a jira. Da sun biya, a yi haƙuri.

In har yanzu akwai shakka, ba kunya ba ce ka rubuta musu gajeriyar tambaya: "Have you received it? Yes or no?" Manhajar fassara ta waya tana taimakawa, ni ma ina amfani da ita, amma ba na ɗaukar bashi a kan maganarta sai mutum ya duba mini.

Ga iyaye 'yan'uwana kuma, musamman mu da muka yi allo kawai: yaran nan da muke biya wa kuɗin makaranta, mu riƙa zama da su. Na yi shekaru ina ɓoye wa iyalina saƙonnin kasuwa, a ganina sirrin maigida ne, alhali mai warware mini su tana ɗaki na kusa tana haddar darasi. Girman uba ba ya raguwa don 'yarsa ta gyara masa karatu.

Dattijon nan na Al'ubayyid mun yi waya da shi kafin sallar layya da ta wuce. Ya bar garin shi ma, yana wajen 'ya'yansa. Na ba shi labarin "as soon as" daga farko har ƙarshe, abin da ban taɓa yi ba saboda kunya. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Alhaji, da ka faɗa mini tun lokacin, ai da na ƙara maka wata guda." Na ce to ka ga, kai ma ka yi mini "would have".

Allah ya zaunar da Sudan lafiya, ya mayar da kowa gidansa, ya sa albarka a nemanmu da karatun 'ya'yanmu.